Dokar Kan Ruwa da Mai Tsaronta: Lacca a Kan Madatsar Goronyo da Gulbin Rima

 

An nemi in yi magana a kan dokokin da ake kafa wa masu amfani da tafkuna da madatsun ruwa. Zan ɗan leƙa ƙasashen waje tukuna, amma ba zan daɗe a can ba, don maganar tamu ce.

A Turai akwai wani wasan kan ruwa da ya yi tashe a 'yan shekarun nan. Mutum zai tsaya a kan allo yana riƙe da ƙyalle mai kama iska. A ƙarƙashin allon an kafa sanda mai tsawon kusan mita ɗaya, a ƙarshenta kuma fiffike. Da iska ta ja, sai fiffiken ya ɗaga allon sama da ruwa, a yi ta sheƙa gudu ba ƙara. Wani nau'in wasan har ya shiga gasar Olamfik ta 2024 da aka yi a Faransa. A teku fili ne, kowa ya kama gabansa. A tafki kuwa ga masu iyo, ga masunta, ga jiragen fasinja, kuma abin da ke gudu ba ƙara ba a jin tahowarsa. Shi ya sa hukumomin tafkuna suka daɗe suna fama da irin waɗannan wasanni. Ƙasar Suwizalan ta haramta ɗan'uwan wannan wasa, wanda lema ke jan mutum, a tafkunanta a 2001. A 2016 ta ɗage haramcin, ta bar wa jihohinta su shata inda za a yi da inda ba za a yi ba. A tafkin Windamiya na Ingila an ƙayyade gudun jirage masu inji tun 2005. A arewacin tafkin Garda na Italiya an hana jirage masu inji na masu zaman kansu, an bar wa masu tafiya da iska wurin.

Abin da nake so mu ɗauka daga nan shi ne yadda ake tsara dokar. Ana faɗin wuri, ana faɗin lokaci, ana faɗin iyakar gudu, kuma akwai wani takamaiman mutum a bakin ruwa da aikinsa ke nan. Su don wasa suke wannan ɗawainiya. Mu kuwa kasuwa muke zuwa, da gona, da asibiti.

Madatsar Goronyo an kammala ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. An gina ta don ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cubic, kuma tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Da ita ake noman rani a kwarin Rima, da ita birnin Sakkwato ke sha. Sai dai wanda ya tare gulbi ya canza wa mutane hanya. Inda dā ake ratsawa da ƙafa ko da jaki ya koma sai an yi fito.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi ranar kasuwa ya san yadda ake lodi. Buhunan albasa da tafarnuwa a ƙasa, babur biyu an kwantar a kansu, awaki a ɗaure, mata da goyo a tsakiya, maza a gefe. Jirgi ya nutsa har abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ga yaro a baya da yankakken galan yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsagar katako. Sai wani ya taho da gudu yana kira, matuƙi kuma ya ji nauyin ya bar surukinsa ko limamin garinsu a gaɓa, ya ce, "Shigo, Allah ya kiyaye." Ba mugunta ke sa shi ba. Kunya ce da neman na cefane, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin ya ce a'a a madadinsa.

Ranar Lahadi 17 ga Agusta 2025 jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. A sanarwarta ta farko hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an ceto mutum 10, ana neman fiye da 40. Waɗansu da ke zaune a nan 'yan'uwansu na cikin jirgin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu haƙuri. Kafin nan, a Afrilu 2022, jihar Sakkwato ta yi makokin mutum 29 a ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. A Mayu 2021 an yi na Warra a jihar Kebbi, inda aka rasa fiye da mutum ɗari.

Shin rashin doka ne? A'a. Tun 1997 aka kafa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedikwatarta na Lokoja. Akwai kundin dokokin sufurin ruwa na 2023. An hana tafiyar dare, an hana lodin wuce kima, an wajabta rigar ceto ga kowane fasinja. A Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta haɗa hukumomin tarayya da jihar Legas, ta ce iko da hanyoyin ruwan da jirage ke bi na gwamnatin tarayya ne. To, ku dubi inda wannan ya bar mu. Dokar jirgi tana Lokoja da Abuja, ƙofofin madatsa suna hannun hukumar raya koguna, agajin gaggawa na hannun jiha, kasuwa kuma ta ƙaramar hukuma ce. Da asubar Lahadi, lokacin da ake ɗora buhu na ƙarshe, wane ne daga cikinsu yake tsaye a mashigi?

Idan hatsari ya auku, abin da ya fi saurin zuwa bakin hukuma shi ne hani. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Gwamnatin Kano ta dakatar da fito tsakanin Badau da Bagwai, ta ba da motocin da za su riƙa zagayawa da mutane. Ba da motocin nan shi ne abin lura, domin ya nuna an gane cewa ba a toshe wa mutum hanya sai an buɗe masa wata. Mu a gabashin Sakkwato ma abin ya fi haka nauyi. Da damina hanyoyin ƙauyuka kan yanke, waɗanda ba su yanke ba kuma tsoron 'yan bindiga ya sa an ƙaurace musu. Matar da naƙuda ta kama bayan magariba, ko mutanen garin da aka kai wa hari cikin dare, ba za ka karanta musu dokar hana tafiyar dare su koma gida ba. Dokar daidai take, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari a kan jiragen kasuwa da na biki. Amma sai an tanadi jirgi mai inji da fitila da riguna, wanda aka san matuƙinsa, don larurar dare. In ba haka ba, za a ci gaba da tafiyar a ɓoye, a cikin duhu, daga mashigin da ba kowa.

Kada wani ya ce mutanenmu ba sa bin dokar ruwa. Ku bi gulbin nan namu ku gangara Argungu. Ana rufe kogin Matan Fada, a hana su a cikinsa har ranar da aka buɗe, kuma Sarkin Ruwa ke tsare wannan hani. Bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan hanin ya tsayu. Me ya sa ake bin sa? An san wurin, an san lokacin, an san mai tsaron, ana jin kunyarsa, kuma kowa ya ga amfanin da idonsa ranar da aka fito da giwan ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin Ruwa da dattawan masu fito sun san inda kututture yake kwance a ƙarƙashi, sun san jirgin da katakonsa ya ruɓe, sun san matuƙin da hannunsa bai nuna ba.

Shawarata ita ce a ɗauki dokar tarayya a damƙa tsaronta a hannun waɗannan mutane, da takarda da alawus da goyon bayan hakimi da 'yan sanda. A shafa wa kowane jirgi layin fenti a gefe, in ruwa ya taɓa layin lodi ya tsaya, ko wane ne ya rage a gaɓa. Wanda bai yi boko ba ma yana karanta layi. A rubuta yawan mutanen da suka shiga kafin a tashi, domin abin takaici ne a ce kwanaki bayan hatsari ana gardamar mutum nawa ne a ciki. Rigunan ceto da gwamnatin jiha ta raba bayan hatsarin Goronyo, mun gode, amma a ajiye su a mashigi a hannun mai tsaro, a ƙirga su safe da yamma. Rigar da ke rataye a ɗakin wani babba ba ta ceton kowa. A kuma shata ruwan kansa: hanyar jiragen fasinja daban, wurin shimfiɗa taru daban, kusa da ƙofofin madatsa kuwa ba mai zuwa.

Akwai kuma dokar da ya kamata ta hau kan hukuma ita kanta, kuma garin Kagara ya fi kowa cancantar faɗin wannan. Ranar 1 ga Satumba 2010, da madatsa ta cika maƙil, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya ci garin nan. Mako guda bayan haka ɓarnar ta faɗaɗa har Sakkwato, inda hanyar jami'a ta yanke. A 2018 kuma ruwan ya janye har ya rage kusan kashi 10 cikin ɗari. Ruwan da ke hawa da sauka haka, dole mai riƙe da ƙofarsa ya riƙa sanar da na ƙasa kafin ya saki: ta rediyo, ta wayar hakimai, ta lasifikar masallatai, da tazarar da za ta isa a janye jirage da dabbobi. A rubuta wannan a matsayin wajibi.

Iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah, roƙona gare ku shi ne ku kira zama da NIWA da hukumar raya koguna da masu fito kafin ruwan sama ya sauka, a fitar da sunan mai tsaron kowane mashigi daga Goronyo zuwa Wurno. Mu fasinjoji kuma, in mai tsaro ya ce jirgi ya cika, mu jira na gaba.