Gudan Jini a Jijiya: Ilmin da Ya Kamata Mu Kai Gida



Allah ya halicci jini da dabarar daskarewa, ba don haka ba da ɗan yankan reza ya isa ya kai mutum lahira. Amma in ya daskare a cikin jijiya inda babu abin da zai tsayar, to rahama ta zama masifa. Galibi gudan kan kafu ne can cikin jijiyoyin sha-raɓa ko cinya. In ya ɓalle, sai jini ya kwashe shi, ya ratsa zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu, mutum ya faɗi nan take.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya bayyana wannan tafiya a rubuce-rubucensa na 1856. Sababai uku ake jingina wa sunansa: kwanciyar jini wuri guda, rauni a bangon jijiya, da jini mai saurin daskarewa. Ku dubi na farko da kyau, domin namu ne. Akawun da ya wuni a kujera, da fasinjan motar Maiduguri zuwa Legas, da alhajin da ke cikin jirgin Jidda, duk jininsu a kwance yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yakan kusan ninka haɗarin. Haka kuma mai ciki, da mai jego musamman a mako 6 na farko, da wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila ko ciwon daji.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. In haki ya biyo baya, ko sukar ƙirji, ko tari da jini, to gudan ya isa huhu. Jama'a, wannan ba aikin tausa ba ne, ba na ƙahon wanzami ba, ba kuwa jifa aka yi wa mutum ba. Asibiti za a nufa a ranar. Can za a ɗauki hoton jijiyar, a ba da allurar heparin, ko ƙwayar warfarin da ake ba mutane tun 1954, ko sababbi irin su rivaroxaban. Akan sha aƙalla wata 3, kuma ba a farawa ko dainawa sai da izinin likita, domin suna iya jawo zubar jini.

Rigakafi kuwa araha gare shi: a tashi a taka, a motsa idon sawu in ba halin tashi, a sha ruwa, a bar taba, majinyaci ya miƙe da zarar likita ya yarda.

Tun 2014 aka keɓe 13 ga Oktoba, ranar haihuwar Virchow, don wayar da kai a kan wannan cuta, kuma darussanta na nan kyauta a intanet, a shafukan hukumomin lafiya na Ingila da Amurka. Sai dai da Turanci aka rubuta su, mai jegon ƙauyenmu kuwa ba ta jin Turanci. Mu da talakawa suka ɗauki nauyin karatunmu, bashi ne a kanmu mu karanta, mu tantance, mu kai gida da Hausa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.