Ɗan Naman da Ke Cikin Kaki: Jawabi Kan Dajin Mama



Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, har yau muna jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta sa mata da dama ke ɓoye ƙullutu a mama har sai ya fashe, sannan a garzaya Shika.

Alhali ɗan naman da likita ke ɗiba shi ke bayyana irin cutar. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akan jiƙa shi a ruwan fomalin, a daskarar cikin kaki, a yanko siriri a duba. Ragowar kuwa takan shekara da shekaru a ajiye.

Wannan ajiya taska ce. Cikinta akwai maikuro-RNA, 'yan ƙananan saƙonnin da ke rage aikin ƙwayoyin gado. A 1993 aka gano na farko a jikin wata tsutsa, binciken da ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga lambar Nobel a 2024. Gajartarsu, haruffa kusan 22, ta sa ba su cika lalacewa cikin kaki ba. Masana kan auna yawansu. MiR-21, alal misali, yakan hauhawa a dajin mama. Har yanzu bincike ne, amma da naman matanmu za a fahimci cutar matanmu.

Don haka, wanda ke aiko kuɗin cefane ya aiko na gwaji, ya kuma lallashi Inna ta yarda a ɗiba.