Amsoshin Wasiƙunku: An Tafi Da Ƙanena Ran Kasuwa, A Ina Zan Duba Sunansa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Kurfi, ya kuma roƙa kada mu ambaci sunansa, to mun ji. Ga abin da yake cewa a taƙaice. Ƙanensa ya kai bijimi kasuwar Dutsin-Ma ran Laraba, sai wani ya fito ya ce ai bijimin nan nasa ne da aka sace. Ana cikin gardama wasu ma'aikata suka zo suka sa ƙanen nasa a mota. Har ranar da ya rubuto mana, kwana 9 ke nan ba su san inda yake ba. Ɗansa da ke makaranta ya ce masa ana iya duba sunan wanda aka kama a waya, sannan ga wani mutum ya ce a ba shi Naira dubu 20 ya duba masa a kwamfuta. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne?

To Malam, da farko Allah ya fid da ɗan'uwanka lafiya. Na biyu kuma, riƙe kuɗinka.

Yaron nan naka bai yi ƙarya ba, amma labarin wata ƙasa ya ji. A Amurka, gidajen yari na gundumomi da yawa sukan sa sunayen waɗanda aka shigo da su a intanet, da ranar kamun da laifin da ake tuhuma, wani wurin har da hoto. Mu nan Nijeriya ba mu da irin wannan jerin da kowa zai buɗe waya ya duba. Amma fa wannan ba ya nufin ba a rubutawa. Ana rubutawa, a wuri uku ma: caji ofis, da kotu, da gidan yari. Da ƙafa ake binsu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka hau mota, koma kasuwar tukuna. Je wurin sarkin tike da dillalan da abin ya faru a gabansu, ka tambaye su wane irin kaya mutanen suka sa. 'Yan sanda ne, ko Sibil Difens, ko soja, ko kuwa jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023? Wannan tambaya ita ce za ta rage maka yawon banza, don kowane da inda yake kai mutum. 'Yan banga da jami'an tsaron al'umma dai, in sun kama, hannun 'yan sanda ya kamata su miƙa.

Sai ka nufi caji ofis na Dutsin-Ma. Kada ka tafi kai kaɗai, ɗauki dattijo guda, ko mai unguwarku in zai samu zuwa. A kanta akwai babban littafi da ake shigar da abin da ya faru kowace rana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce duk wanda aka kama a rubuta cikakken sunansa, da sana'arsa, da inda yake zaune, da laifin da ake zarginsa, da ranar da aka kama shi. Dokar nan dai ta ce wajibi ne masu tsare da shi su sanar da danginsa, ba tare da an biya ko kwabo ba. Ba za a miƙo maka littafin ka yi ta buɗawa ba, amma kana da ikon tambaya, su kuma su duba.

A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, don haka bari in ɗan tsaya. Mutum a gida ana ce masa Ɗanlami ko Tanko, duk ƙauye ba wanda ya san shi da wani suna. Da ya shiga hannu aka tambaye shi, sai ya ba da sunan yanka da na mahaifinsa. Kai kuma ka zo kanta kana cewa Ɗanlami. A duba, a ce babu, ka juyo kana salati, alhali yana bayan kanta, bango ɗaya ne tsakaninku. Saboda haka tafi da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da sunan ƙauye, da hotonsa in akwai. Ka kuma riƙe rana da lokaci: Laraba kaza ga wata, bayan azahar. Da rana ake bin littafin nan, ba da suna ba.

In an same shi, abu biyu za ka nema: sunan ɗan sandan da ke binciken maganar, da ainihin laifin da aka rubuta. Rubuta su a takarda, ko ka sa yaron nan ɗan makaranta ya rubuta, ga inda karatunsa zai yi amfani. In mai kanta bai saurare ka ba, nemi ganin Difi'o cikin ladabi. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne a doka. Na san wani zai yi dariya da jin haka, amma abin da doka ta ce ke nan, kuma wanda ya san da shi ba a cika matsa masa kamar wanda bai sani ba.

Yanzu ga inda nake jin maganarka take. Kwana 9 ya yi yawa a ce yana nan caji ofis. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, Dutsin-Ma kuwa da kotuna a cikin gari. Sai dai sashen ya keɓe laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. A 2019 kuma, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an gyara dokar laifuffuka ta Jihar Katsina aka sa hukuncin kisa a kan satar shanu da garkuwa da mutane. Ba na faɗi haka don in tsorata ka ba ne. Wanda ya sayi dabba bai san ta sata ba ce daban, ɓarawon shanu daban. Amma da zarar an ambaci satar shanu, akan ɗauki mutum a kai shi sashen binciken manyan laifuffuka a hedkwatar 'yan sanda da ke Katsina. Don haka in an ce maka ba ya nan, kada ka tsaya a nan. Tambayi ranar da aka fita da shi da inda aka kai shi, wannan ma a rubuce yake.

In kuwa an ce an kai shi kotu, tambayi wace kotu, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, ka je wurin rajistara. Abin da za ka karɓo shi ne lambar shari'a da ranar da aka ɗaga zuwa. Lambar nan ka adana ta kamar takardar gona. Mutane da yawa da suka daɗe a tsare, da ka bincika za ka tarar ba wanda ya riƙe musu lamba, fayil ya shige ƙarƙashin wani fayil.

Daga kotu sai gidan yari, wanda tun 2019 hukuma ke kira gidan gyaran hali. Gandiroba ba ya karɓar mutum sai da takardar alƙali, kuma suna da ofishin ajiye bayanai inda ake shigar da suna, da kotun da ta aiko, da ranar komawa. Rajistaran kotu zai gaya maka wane gida aka tura shi, na nan kusa ko na Katsina. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba.

In duk ka bi wuraren nan an ce babu, to magana ta wuce ta dattijai, sai lauya. Rashin kuɗi kada ya hana ka. Akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa, duka suna da ofis a Katsina. Lauya na iya roƙon babbar kotu ta umarci a fito da mutum a gabanta. Sannan doka ta ɗora wa babban majistare zagaya caji ofis-ofis kowane wata ya duba waɗanda ke tsare, kana iya kai ƙorafi a rubuce ofishinsa.

Abu guda da za ka yi tun yau, Malam: nemo mutumin da ya sayar wa ƙanenka bijimin, da dillalin da ya ƙulla cinikin, da rasit na kasuwa in an ba shi. Su za a fara tambaya. Kai kanka kuma kada ka ji tsoron zuwa, don dokar nan ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. In ka dawo ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare.