Ɗan Hakin da Ka Raina: Jawabi a Kan Gajeren Bugu a Wasan Golf



Yawancinmu da muka tashi a cikin birni, golf wasa ne da muka sani daga nesa. Filinsa yana wajen ganuwa, can ɓangaren da Turawan mulki suka zauna bayan sun ci Kano a 1903, don haka muka ɗauke shi wasan manya da masu hali. Amma akwai wani ɓangare nasa wanda dukiya ba ta saya wa kowa, watau gajeren bugun nan da ake tura ƙwallo cikin rami daga nisan ƙafa 3 ko 4.

A dokar wasan, bugun da ya kai yadi 250 da wanda bai wuce taki guda ba, lissafinsu ɗaya ne. A 1970, a filin St Andrews na Sikotilan, Doug Sanders na Amurka yana bukatar bugun da bai wuce ƙafa 3 ba don ya ɗauki kofin gasar Open. Ya riga ya daidaita tsayuwarsa, sai ya sunkuya zai kau da wani abu daga hanyar ƙwallo, bai ja da baya ya sake shiri ba, ya buga, ƙwallo ta zame ta gefen rami. Kashegari Jack Nicklaus ya ka da shi da bugu ɗaya tak.

To, ina gyaran yake? Da farko mu san cewa faɗin ramin inci 4 da kwata ne, ƙwallo kuwa inci 1.68, ashe ramin ya ninka ta sau biyu da rabi. Ba ƙanƙantar rami ke ka da mutum ba, karkatar fuskar sanda ce a lokacin da ta taɓa ƙwallo. Saboda haka sai mu fara saita fuskar sanda da rami, sa'an nan mu daidaita ƙafafu, idanu kuma su kasance bisa ƙwallo sosai.

Na biyu, kafaɗu ne za su motsa, wuyan hannu ya tsaya cik. Na uku, kada mu ɗaga kai don ɗokin ganin inda ta nufa, gama in kai ya juya, kafaɗa za ta bi shi. Gara kunne ya ji faɗuwarta kafin ido ya gani. Na huɗu, mu tura ta da ƙwari gwargwado, domin ƙwallon da ke tafe a raunane kowace 'yar gangara sai ta karkatar da ita. Wannan ya fi zama wajibi a filayen da ake shimfiɗa rairayi gauraye da baƙin mai a maimakon ciyawa, kamar yadda aka daɗe ana yi a ƙasar nan saboda ƙarancin ruwa. Na biyar, in hankali ya rabu, mu ja da baya mu sake shiri.

Koyon wannan ba ya bukatar kati ko kuɗin shiga kulob. Daɓen zaure ya isa. A ja layi da alli, a kwantar da gwangwanin madara a ƙarshensa, a ajiye duwatsu biyu su zama ƙofa daidai faɗin kan sanda. A buga sau 20 a jere; wanda ya kuskure ɗaya ya koma farko. Wannan komawa ita ke saba wa zuciya da fargabar da ke zuwa ranar gasa.

Kada kuma mu raina filayenmu. Sandy Lyle ya fara cin gasar ƙwararru a Nijeriya ne a 1978, Vijay Singh ma ya ci gasar a 1988, dukansu kuwa daga baya sun ɗauki kofin Masters a Amurka. Muna roƙon kwamitin wasanni na ƙungiyarmu ya tanadi sanduna ko da biyu ne da 'yan ƙwallaye, mu fara daga nan.

Allah ya ba mu sa'a, amin.