Ruwan Burtsatse Mai Ƙarfe a Makarantunmu: Gano Tushensa da Hanyar Tace Shi



Akwai wata irin rijiyar burtsatse da duk wanda ya zagaya makarantun karkara ya sani. Ruwanta yana fitowa garau, a cika bokiti da safe, kafin a fita tara ya koma ruwan ɗorawa, zuwa azahar jan laka ta kwanta a gindin bokitin. In ka kai shi baki sai ƙarni ya tare ka. Farar rigar makaranta in an wanke ta da shi ba ta sake yin fari, shinkafar ɗaliban kwana ta dafe, shayi kuwa ya yi baƙi ƙirin. Wannan aikin ƙarfe ne da ya narke a cikin ruwan, kuma a kansa zan yi magana.

Shi kansa ƙarfen, a yawan da aka saba samu, ba guba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba, ta dai nuna cewa in ya haura miligiram 0.3 a lita yakan ɓata tufafi da kayan famfo. Wannan adadi ne ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya ɗauka. Inda cutar take shi ne yaro ba ya shan abin da idonsa da hancinsa suka ƙi. Sai ya bar burtsatsen da babu ƙwayar cuta a cikinta ya nufi kududdufi, ko buɗaɗɗiyar rijiyar bayan makaranta, ko jarkar ɗan ga-ruwan da ba wanda ya san inda ya ɗebo. Daga nan gudawa da taifod ke shigowa aji. Wani yaron kuma ya wuni da ƙishirwa a zafin Afrilu, ana tsammanin ya fahimci lissafi. A takarda makarantar tana da ruwa, an ƙaddamar, an ɗauki hoto. A zahiri ba ta da shi.

Daga ina ƙarfen yake fitowa?

Wannan ita ce tambayar da ake yawan tsallakewa, kuma tsallake ta ne ke jawo asarar kuɗi. Tushen ƙarfen biyu ne.

Na farko ƙasa ce. Ruwan da ya daɗe a can ƙarƙashi ba ya haɗuwa da iska, kuma a wannan hali yakan narkar da ƙarfen da ke cikin duwatsu da yashi ya riƙe shi ba tare da launi ba. Da ya fito ya sha iska sai ƙarfen ya koma tsatsa. Yankinmu kuwa ƙasar ƙarfe ce: ga marmara ko'ina, ga shimfiɗun dutsen ƙarfe a kwarin Sakkwato, waɗanda suka miƙa har cikin Nijar inda aka san tamar ƙarfen da ke yankin Say.

Na biyu shi ne famfon kansa. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II an saba haɗa shi da bututun ƙarfe mai rufin tutiya. In ruwan yana da ɗan tsami, wato ma'aunin pH ɗinsa ya yi ƙasa da 6.5, sai ya cinye rufin ya kama cin bututun. Otto Langenegger ya nuna wannan a binciken da ya yi a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, amma har yau ana zura irin wannan bututu a cikin irin wannan ruwa. Uganda ta dakatar da amfani da shi a 2016, kuma ina ganin lokaci ya yi da hukumomin ruwan karkara (RUWASSA) na jihohinmu za su duba wannan mataki da idon basira.

Rarrabe su ba ya buƙatar digiri. A ɗebi ruwan farko da asuba, bayan famfon ya kwana ba a taɓa shi ba, a auna. Sannan a yi ta bugawa har a zubar da duk ruwan da ya kwana a bututu da cikin rijiyar, a sake aunawa. In ƙarfen ya faɗi warwas, laifin bututu ne, maganinsa kuwa a cire shi a sa na roba irin wanda famfon Afridev ke amfani da shi, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. In bai sauka ba, daga ƙasa yake, sai a yi maganar matata. Abu ɗaya da zan roƙi masu awo: a auna a bakin rijiya. Ruwan da aka ɗura a gora aka yi tafiyar wuni da shi zuwa ɗakin gwaji, in ba a ɗiga masa asid ba, ƙarfensa ya riga ya kwanta, sakamakon zai fito da ƙarya.

Iska, lokaci da yashi

Matatar da ta dace da makaranta ba ta wuce abubuwa uku ba. Da farko a ba ruwan iska. Ana jera farantai masu huji-huji, ɗaya bisa ɗaya, a zuba tsakuwa ko gawayi a cikinsu, ruwan ya riƙa zubowa daga sama yana watsuwa, kamar yadda mai shayi ke sheƙa shi daga kofi zuwa kofi. Abin da ake buƙata kaɗan ne, don miligiram ɗaya na ƙarfe kimanin miligiram 0.14 na oksijin yake ci. Zubowar tana kuma fitar da iskar da ke sa ruwan tsami, wannan kuwa yana da muhimmanci, domin a ruwa mai tsami ƙarfe yana nawar komawa tsatsa. Inda tsamin ya yi yawa, akan sa tsakuwar dutsen farar ƙasa a hanyar ruwan.

Na biyu a ba shi lokaci a tanki ko kwalbati, tsatsar ta haɗu ta kwanta. Na uku ya bi ta cikin yashi wankakke da aka tankaɗe, a kan shimfiɗar tsakuwa. A nan akwai abin da nake so a lura da shi sosai. Bayan 'yan makonni yashin zai yi ja. Mai kula da bai sani ba sai ya ce ya lalace, ya kwashe ya zubar ya kawo sabo. Alhali wannan jan rufin, tare da wasu ƙananan halittu masu rayuwa a kan ƙarfe da ke zama a jikinsa, shi ke kama ƙarfen da ya rage. Yashin da ya yi ja ya fi sabo aiki. Wanke shi ake yi, ta hanyar tura ruwa daga ƙasa zuwa sama har laka ta fita, ba canja shi ba.

Kulorin kuma sai bayan yashi. In aka zuba shi tun farko, ƙarfen ne zai shanye shi, kowane miligiram na ƙarfe yana cin kusan 0.64 na kulorin. Abin da ake nema shi ne a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a lita a bakin famfon da yaro ke sha, don ruwan da aka buɗe wa iska an buɗe shi ga ƙura da kashin tsuntsu ma. Saboda haka a rufe farantan da raga.

Kada a manta da manganis, wanda sau da yawa tare suke tafiya da ƙarfe, alamarsa baƙin tabo. Shi yana da illa ga ƙwaƙwalwar yara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar wucin gadi ta miligiram 0.08 a lita a ƙa'idojinta na 2022, kuma ya fi ƙarfe taurin kai wajen fita. A auna shi daban.

Girman matata da mai kula da ita

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa makarantu a 2009 ta ware lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Mu ɗauki misalin firamare mai yara 600. Lita 3,000 ke nan a rana. In ruwan yana da miligiram 5 na ƙarfe a lita, matatar za ta tare giram 15 kullum, kuma da ya zama laka nauyinsa da kumburinsa sun fi haka nesa. Yana nan yana taruwa a cikin yashi Litinin zuwa Juma'a. In ba a wanke ba, ruwa zai daina wucewa, wani ya zo ya haɗa bututu ta gefe ya kauce wa matatar, shi ke nan an koma gidan jiya.

Shi ya sa nake cewa injiniya rabin aikin kawai yake yi. Kafin a aza bulo na farko, shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta (SBMC) su faɗi sunan wanda zai riƙa wanke yashin, su faɗi daga wane asusu za a sayi kulorin da kayan awo. A koya wa mutum biyu, don malami ana yi masa canjin wurin aiki, maigadi kuwa yakan daɗe. A tanadi ramin da ruwan wanki zai shiga nesa da rijiyar. A kuma yi shirin dogon hutu, domin matatar da ta bushe na makonni sai ta ɗauki lokaci kafin ta dawo daidai. Inda unguwa ke ɗiba a famfon makaranta, wannan ya zo da sauƙi, tunda ruwan ba ya tsayawa.

Ga hukumomin ilimin matakin farko na jihohi (SUBEB) da sauran masu ba da kwangila, shawarata ita ce a rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an ga sakamakon awon pH da ƙarfe da manganis da ƙwayoyin cuta, kuma a maimaita awon bayan makarantar ta yi zango guda tana amfani da rijiyar, saboda tsatsar bututu ba ta nuna kanta ranar ƙaddamarwa.