Jawabin bikin cikar shekara: wa zai biya kuɗin jinyar yaranmu?

  

A al'ada, ranar irin ta yau kan ƙare ne a kan maganar kwastan, da kuɗin ajiyar kaya a tashar jiragen ruwa, da yawan shingaye a hanyar Injamena da ta Bangi. Waɗannan suna nan, sakatare zai kawo su bayan azahar. Mu kwamiti mun roƙi a ba mu wannan fili ne saboda wani abu da muka gani a littafin ma'aji. Da muka zauna lissafin shekara, sai muka tarar yawancin karo-karon gaggawa da aka zagaya da shi rumfa-rumfa ba na gobara ba ne, ba na kayan da aka kama ba ne. Na asibiti ne. Kuma ba na masu rumfa ba ne, na 'yan dako ne da yaran mota da matan da mazansu suka rasu.

Da dama cikinmu za su ce, to ba gwamnati ta ce jinya ta zama kyauta ba? Bari mu faɗi abin da aka yi, don kada a ce mun ci amanar gaskiya. A watan Afrilun 2023, a Manju da ke yankin Gabas, ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin kula da lafiyar kowa, wanda ake kira CSU. A ƙarƙashinsa, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar likita zai duba shi ba da kuɗi ba, kuma a yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta. Masu tarin fuka da masu cutar ƙanjamau ba sa biyan kuɗin magani. Mai wankin ƙoda, wanda a da yake biyan sefa 5,000 duk zama, ya koma biyan sefa 15,000 a shekara. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin zama biyu a mako ya haura rabin miliyan a shekara. Akwai kuma takardar haihuwa ta sefa 6,000, wadda matanmu na Arewa suka sani tun 2015: mace ta saya, a yi mata awo, a karɓi haihuwa, ko da ta kai ga tiyata. Sai dai lokacin da aka faɗaɗa ta, ba a sa yankinmu na bakin teku a ciki ba. Matar da ke Garwa tana da abin da 'yar'uwarta ta New Bell ba ta da shi.

To ina matsalar? Abin da ake kira kyauta, wani ne ke biya. Asibiti yana yin aikin, sannan ya jira a mayar masa da kuɗinsa, kamar yadda muke ba da kaya bashi mu jira ciniki. Idan biyan ya yi jinkiri, ba wanda zai fito a rediyo ya ce an janye. Abin da za ka ji a tagar ba da magani shi ne, "Ya ƙare, je ka saya a waje." Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan: wanda aka riƙe wa kuɗi wata shida ba ya sake cika shago.

Kuma babban kaso na kuɗin ba daga baitulmalin Yawunde yake fitowa ba. Takardar haihuwa da tallafin Faransa da Jamus aka fara ta. Maganin ƙanjamau da gidajen sauro da maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara da damina a Arewa, mafi yawansu kuɗin Amurka ne da na Asusun Duniya na yaƙi da waɗannan cututtuka. Ranar 20 ga Janairun 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dakatar da agajin ƙasashen waje, kuma zuwa Yuli an rufe hukumar USAID. Asusun Duniya shi ma ya rage abin da ya yi wa ƙasashe alkawari. A yankin Arewa Mai Nisa, ma'aikatan sa-kai masu bin ƙauye-ƙauye da jakar gwaji da magani, da yawansu sun ajiye aiki saboda ba mai biyansu. Wannan yankin shi ne inda albasarmu ke fitowa, can ne iyalan rabin yaranmu suke. Shi ya sa wayar da ke bugowa da tsakar dare daga Marwa, a aljihun ɗan dako na Kasuwar Kongo take sauka.

Ba za mu ɗora wa baƙo laifin duka ba. A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Kamaru ko rabin haka ba ta kai ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. Maƙwabta ma kowa da nasa. Nijar ta sanar da jinya kyauta ga yara ƙanana tun 2006, bashin da ya taru a kan gwamnati ya sa ɗakunan magani da yawa suka bushe, sannan a 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Najeriya ta yi dokar inshorar lafiya ta dole a 2022, amma ku tambayi 'yan'uwanmu na Kano da ke zaune a nan, ɗan dako nawa ne a Kwari ke riƙe da katin.

A damina da ta wuce, wani yaron mota da yawancinku kun sani ya dawo daga Gaundere ya tarar da 'yarsa mai shekara uku tana suma. A takarda, jinyarta kyauta ce. A asibitin da ya kai ta aka ce allurar ta ƙare, ga kuma kuɗin ƙarin jini. Bai taɓa yi mata rajista ba, domin ba ta da takardar haihuwa, shi kuma bai san ana yi ba. Kafin a zagaya kasuwa a haɗa kuɗi, yini ya wuce. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi, amma ya sayar da babur ɗin da matarsa ke samun na cefane da hayarsa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, da rasuwa ta yi, da asusunmu ya fitar da kuɗin likkafani da sadaka cikin awa guda, domin muna da tsari na mutuwa. Na jinya ne ba mu da shi.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara a gabanku. A buɗe asusun jinya daban da na gaisuwar mutuwa, kowane mai rumfa ya zuba sefa 1,000 a wata, mai mota ya zuba a kan kowace tafiya, kuma ya rubuta sunayen yaran da ke masa aiki da iyalansu. Mun san za a ce an sha yin adashi ya watse. Gaskiya ne. Shi ya sa muka ce kuɗin ba zai shiga hannun majinyaci ba, ma'aji ne zai biya kantin magani ya karɓi rasit, kuma hajiyoyi biyu za su zauna cikin masu sa hannu, tunda su ne ke kwana a asibiti. Asusun ba zai iya ɗaukar ciwon daji ko tiyatar zuciya ba, kada wani ya sa rai. Na awannin farko ne, lokacin da jini ko allura ke raba yaro da kabari.

Abu na biyu ba ya cin kuɗi da yawa. Abin da gwamnati ta ce hakkinmu ne, mu je mu karɓa tun yana nan. Matasanmu masu Faransanci za su bi gida-gida a New Bell da Kongo su rubuta yaran da ba su da takardar haihuwa da waɗanda ba a yi wa rajistar CSU ba, a raka iyayensu. Kuma duk wanda aka ce wa magani ya ƙare, ya kawo takardar likita ofishin ƙungiya a rubuta rana da wuri. Idan muka je wurin hukuma da littafi a hannu, maganarmu za ta fi nauyi da idan muka je da ƙorafin baki.

Za a kaɗa ƙuri'a a kan asusun bayan cin abinci. Wanda ke da ja, ya ɗaga hannu yanzu a ba shi lasifika, kada ya bari sai an watse a ji shi a bakin masallaci.