MATAFIYI DA ANNOBA: HUKUNCIN KATSE TAFIYA A KOMA GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu tattauna a kanta ita ce halin matafiyin da annoba ta riske shi a hanya: shin ya ci gaba, ko ya juya zuwa gida? Idan ya juya, wane haƙƙi ne ya hau kansa?

Mu fara da misali na zamaninmu. A ƙasar Kanada akwai dattijai masu yawa da suke guje wa tsananin sanyi duk shekara, su gangara kudancin Amurka, kamar Fulorida da Arizona. Da yawansu suna tafiya ne a wata irin mota da aka ƙera ta kamar gida, da gado da madafa da makewayi a cikinta. A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa cutar korona ta zama annobar duniya. Ranar 16 ga wata Firayim Ministan Kanada, Justin Trudeau, ya kira 'yan ƙasarsa da suke waje su koma gida. Ranar 21 aka rufe iyakar ƙasashen biyu ga duk tafiyar da ba ta lalura ba. Sai waɗannan mutane suka bar kuɗin zangon da suka biya, suka kamo hanya, wasunsu da tafiyar fiye da kilomita 2,000 a gabansu.

Wannan juyowa tana da asali a wurinmu. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya nufi Sham. Da ya isa Sargu sai Abu Ubaida da sauran shugabannin runduna suka tarye shi da labarin ɗa'una. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansaru suka saɓa, sannan dattijan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da dausayi ɗaya busasshe. Duk inda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ana haka sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya sanar da su cewa Annabi (S.A.W.) ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, ya kuma hana wanda yake cikinta fita don gudu. Umar ya gode wa Allah ya juya Madina. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Ashe ke nan katse tafiya ba raunin tawakkali ba ne, riƙo ne da sababi. Kuma hatsarin na gaske ne, domin a wannan annoba ta Amwas Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) suka rasu.

To amma a nan akwai wurin lura. Umar ya juya ne kafin ya shiga. Yaya wanda ya riga ya shiga? Malamai, cikinsu har da Imam Nawawi a sharhin Muslim, sun bayyana cewa abin da aka hana shi ne fita da nufin gudu; fita don wata bukata ta halatta. Baƙon da guzurinsa ko maganinsa ya kusa ƙarewa, ko aka rufe masaukinsa, komawarsa gida bukata ce. Sai dai halaccin komawa bai ɗauke masa haƙƙin mutanen gida ba, domin mai korona yana iya yaɗa ta alhali bai ji komai a jikinsa ba. Shi ya sa a ranar 25 ga Maris gwamnatin Kanada ta mayar da killace kai na kwana 14 wajibi ga masu dawowa, bayan an koka cewa wasu suna tsayawa sayayya a kantuna. Mu ma mun ga irinsa a watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da aka mayar da almajirai daga Kano zuwa jihohinsu, aka sami masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda suka isa Kaduna.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, idan irin wannan jarrabawa ta sake zuwa, mu kiyaye abubuwa uku. Na ɗaya, mu juyo da wuri, kada asarar kuɗin tafiya ta rinjaye mu. Na biyu, mu takaita tsaye-tsaye da cuɗanya a hanya. Na uku, idan mun iso mu keɓe kanmu iyakar kwanakin da likitoci suka ƙayyade, ko da hakan ya hana mu jam'i da gaisuwar iyaye, domin Shari'a ta hana cutar da wani, kuma tsofaffi su ne wannan cuta ta fi yi wa illa.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.